Yadda Za Ka Canja Baƙin Mai da Man Giya na Jif Ɗinka a Gida

Wani sabis da aka yi mini a wani gareji ne ya sa na fara shiga ƙarƙashin motata da kaina. Na ajiye mota da safe na tafi aiki, da yamma na dawo na ɗauka. Bayan kwana biyu sai giya ta fara fizga duk lokacin da za ta tashi daga ta biyu zuwa ta uku. Da na koma na ce a nuna mini robar man da aka zuba, sai yaron garejin ya ɗauko mini wata da ba ta da alaƙa da abin da ke rubuce a jikin gejin giyar, wato sandar auna mai. Ubangidansa ya ce mini ai duk jan mai ɗaya ne. Ba mugunta ya yi mini ba, iya saninsa ke nan, amma sai da na juye man nan sau uku kafin giyar ta dawo hayyacinta. Tun daga ranar, in dai mai ne zai shiga motata, sai na gan shi da idona, na auna shi da hannuna.

Zan yi bayanin ne a kan Toyota Highlander ta 2004 zuwa 2007 mai injin V6 mai lita 3.3, wanda ake kira 3MZ-FE, domin ita na fi sani, kuma ta cika titunanmu. Lexus RX330 ma injinsu ɗaya, giyarsu ɗaya, don haka mai ita zai iya bin wannan bayani. In taka wata ce daban, tsarin aikin bai canja ba, amma irin mai da yawansa sai ka duba littafin motarka.

Kayan da za ka tanada

Na inji: baƙin mai 5W-30 lita biyar, domin injin yana cin lita 4.7 idan an haɗa da canjin filta. Sai sabuwar filta, lambarta ta Toyota 90915-YZZD1, da sabuwar washa ta notin juye mai. Na giya: lita huɗu na man Toyota ATF Type T-IV, ko wani da aka rubuta JWS 3309 a jikinsa, da tasa washar. Kayan aiki kuwa ba su da yawa: sifana ko soket mai lamba 14, alanki (ƙarfen kwance noti mai rami a tsakiya) mai lamba 10, abin kwance filta, mazurari biyu (ɗaya mai dogon siririn baki saboda giya), faffaɗar roba ta tarar mai, tsohon galan mai layin awo a gefe, tsummoki, da safar hannu.

Maganar 5W-30 ɗin nan, na san za a ce maka ƙasarmu akwai zafi, 20W-50 ya fi. Ni ban yarda ba. Injin nan yana da tsarin VVT-i mai daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda ke aiki da mai da ke bi ta wasu ƙananan hanyoyi, kuma mai kauri yana jinkirin isa wurin, musamman da asuba lokacin hunturu. Abin da masu ƙera motar suka rubuta a murfin zuba mai, shi za ka bi. Sannan ka sayi mai a gidan mai ko wurin dila da ka amince da shi, ka duba hatimin murfin bai taɓa buɗuwa ba. Jabun mai ya fi tsohon mai illa.

Kafin ka kwanta a ƙasa

A nan ne ba na son kowa ya yi gaggawa. Mota irin wannan nauyinta ya kusa tan biyu. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, kuma kada ka tokare ta da bulon siminti, domin bulo yana fashewa ba tare da ya yi maka sallama ba. Ka samu ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko ka hau da tayoyin gaba kan katakai masu kauri da faɗi. Ka tsaya a wuri mai daɓe, ka sa giya a P, ka sa birkin ajiye mota, ka sa dutse ko katako a bayan tayoyin baya. Ka girgiza motar da ƙarfi ka ga ba ta motsi. Kuma a ce akwai wani babba a kusa da kai, yara kuma a kore su daga wurin.

Baƙin mai

Ka tayar da injin ya yi minti biyar kawai, yadda mai zai yi ɗumi ya tsinke, sannan ka kashe. In daga tafiya ka dawo, ka jira kamar rabin awa, don man da ya tafasa yana saɓule fata. Buɗe bonet, cire murfin zuba mai, ka ɗan zaro geji don iska ta shiga.

Yanzu ka shiga ƙasa ka nemi kaskon man inji. Ka lura da kyau, domin kasko biyu za ka gani. A motocin da sitiyarinsu ke hagu, na inji yana ɓangaren fasinja, notinsa mai kai shida ne da sifana 14 ke kamawa. Na giya yana ɓangaren direba, notinsa mai rami ne a tsakiya, sai da alanki. Akwai waɗanda suka juye man giya suna zaton na inji ne, suka ƙara lita biyar a kan injin da yake cike, suka tayar da mota giya ba mai. In ka ga abin da ke fitowa ja ne, to ba nan ba ne.

Ka sassauta notin da sifana, ka ƙarasa da yatsu kana danna shi ciki har zaren ya ƙare, sannan ka janye hannu da sauri. Man yakan yi tsalle gaba da farko, don haka ka ɗan matsar da robar nesa kaɗan, in ya rage ƙarfi ka dawo da ita. Ka ba shi minti goma zuwa sha biyar ya tsiyaye. Kafin nan ka goge notin, ka cire tsohuwar washa. Wani lokaci takan manne a jikin kaskon, sai ka ɓamɓare ta da farce. Sa sabuwa, ka fara ɗaura notin da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara masa da sifana daidai ƙarfin hannu ɗaya. Ba a taka sifana da ƙafa, ba a sa mata bututu. Yawancin kaskon da ke yoyo, ɗaurin ganganci ne ya cinye zarensu.

Filtar wannan inji tana gabansa, ta ɓangaren lagireto, a ƙarƙashin bututun hayaƙi, kuma wurin yana riƙe zafi, don haka ka sa riga mai dogon hannu. Shimfiɗa tsumma a ƙasanta don mai zai zubo. Da ka kwance ta, abu na farko ka duba ko zoben robarta ya biyo ta. In ya maƙale a jikin inji ka ɗora sabuwa a kai, roba biyu ba sa riƙe mai, yana iya tsiyayewa gaba ɗaya kana cikin tafiya. Ka shafa wa zoben sabuwar filta sabon mai da yatsa, ka murɗa ta da hannu har ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Shi ke nan.

Zuba lita huɗu da rabi tukuna. Rufe murfi, tayar da inji, ka zuba wa fitilar mai ido: ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗiga a noti ko filta. Kashe, sauke motar ta daidaita, jira minti biyar, ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Sai ka cike kaɗan-kaɗan har mai ya kai kusa da alamar sama, kada ya wuce ta.

Fitilar MAINT REQD da ke allon gaban direba kuma tunatarwa ce kawai, tana kunnuwa ne bisa lissafin mil 5,000, wato kilomita 8,000. Don ka kashe ta, ka bar allo yana nuna ODO, wato jimillar tafiyar motar, ka kashe makulli, ka danne maɓallin sauya lissafin tafiya, ka murɗa makulli zuwa ON kana riƙe da shi har ta mutu. Amma ni ba na jiran ta. Da ƙurar da muke sha da tsayuwar gosulo, ina canjawa duk mil 3,000, kusan kilomita 5,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ka tuna motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke lissafi.

Man giya

Nan ne kuskure yake da tsada. Kafin ka kwance komai, ka zaro gejin giya ka ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske lafiya ne. In ya koma ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga giya tana sulɓewa, wato inji na ihu mota ba ta ja, to sabon mai ba zai warkar da ita ba, ka kai ta wurin ƙwararren mai gyaran giya. Haka in ka gan shi kamar an dama shi da madara, ruwa ne ya shiga, galibi ta lagireto, kada ka ci gaba da tuƙa ta. Ka kuma karanta abin da aka rubuta a jikin gejin. T-IV daban, WS (wani man giya na Toyota) daban, man giya nau'in CVT daban, ba a musanya su, ba a gauraya su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, giyar nan tana ɗauke da mai kusan lita tara, amma in ka kwance noti, kusan lita uku da rabi ne kawai ke fita. Sauran yana maƙale a cikin tulun da ke haɗa inji da giya da kuma hanyoyin mai. Saboda haka dokar aikin guda ɗaya ce: abin da ya fita, shi za ka mayar, ba ƙari ba ragi.

Ka fara wanke robar tarar mai tas, ko ka yi amfani da wata daban. Ka kakkaɓe ƙasar da ke cikin ramin notin, ka tura alanki ya shige har ƙarshe kafin ka murɗa, in ba haka ba ramin zai gwiguye ka rasa abin kamawa. Ka bar man ya tsiyaye, ka sa sabuwar washa, ka ɗaure. Juye abin da ya fita cikin galan mai awo ka karanta. In lita 3.4 ne, to 3.4 za ka auna na sabo. Ya fi kyau tsohon da sabon su kasance zafinsu ɗaya lokacin awo, domin mai yana kumbura in ya yi zafi.

Ta bututun geji ake zuba shi. Sa siririn mazurarin, wanda ka tabbata babu ko ƙwayar yashi a ciki, ka zuba a hankali don bututun ƙarami ne, yana amayo mai in an matsa masa. Lokacin iska da ƙura kada ka yi wannan aiki a fili.

Tayar da inji, taka birki, ka bi da giya ta kowane matsayi, daga P zuwa R, N, D har ƙasa, kana tsayawa daƙiƙa biyar a kowane, sannan ka dawo P. Fita ka zaga minti goma sha biyar giya ta ɗau zafi. Da ka dawo ka tsaya a wuri mai daidaito, kada ka kashe inji, ka auna. Nan ne bambancinsa da baƙin mai: shi man giya inji na aiki ake duba shi. Ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyu na HOT. In ya gaza, ƙara rubu'in lita ko ƙasa da haka ka sake aunawa. In ya wuce, sai ka rage, domin mai da ya yi yawa kumfa yake yi, giya ta riƙa zafi tana fizga.

In man ya tsufa sosai, ka maimaita wannan juyewa sau uku, kana barin tafiyar kamar mako guda a tsakani. Bayan na uku kusan kashi uku cikin huɗu na man ya zama sabo. Ni na fi natsuwa da wannan hanya a kan tsohuwar giya fiye da wanke giya da na'ura mai tura mai da ƙarfi.

Highlander ta 2014 zuwa sama ba ta da gejin giya. Ana daidaita manta ne ta wani noti na ƙasa, a wani ƙayyadadden zafi da sai an karanta da na'urar kwamfuta. In irinta ke gare ka, ka yi na inji a gida, na giya ka kai inda suke da na'urar, ka sayi man WS da kanka, ka tsaya a kai har a gama.

Tsohon man da ka tara, ka juye shi cikin galan ka rufe, ka kai wa masu gareji, suna karɓa. Kada ka zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kuma ka wanke hannunka da sabulu, ba da fetur ba. Da daddare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ka jawo ka duba: baƙin ɗigo daga inji ne, ja daga giya. Sannan ka rubuta kwanan wata, lissafin mil, irin man da ka zuba da yawansa a ƙaramin littafi, ka ajiye shi a aljihun gaban mota.