Masu zuwa Bauchi, ga shawara kan masauki

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana yawan tambayar inda baƙo zai sauka idan ya zo Bauchi, to bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Idan gandun dajin Yankari za ku, ku kwana a Wikki kawai, wato masaukin baƙi da ke cikin dajin. Daga cikin gari tafiyar ta haura kilomita 100, ta hanyar Gombe, a karya a Dindima. Jeka ka dawo a yini ɗaya wahala ce, ga shi da sassafe ko da yamma ake ganin dabbobi sosai, musamman da rani. Ɗakunan suna kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta Wikki. Amma fa ku dinga rufe ƙofa da taga. Biran wurin ba su da kunya, a gabana ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya koma gefe yana ci yana kallonta.

A cikin gari akwai manyan otal irin su Zaranda, sai ƙananan gidajen baƙi a Ji'ar'e, su sun fi sauƙi ga mai iyali. Ko ina ne, kada ku biya kuɗi sai kun ga ɗakin da idonku. Ku buɗe famfo, ku tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto, don zafin watan Afrilu ba a yi masa wasa.

Wanda zai sauka gidan dangi kuwa, ya kira tun da wuri, ya riƙo 'yar tsaraba.