Yadda ake ƙera kujerar zamani daga abin da ido ya gani a zane

Yaran da ke koyon kafinta a Agege da Idi-Araba a Legas, har da ɗaliban da suka karanta zane a makaranta, kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe in sun tashi yin kujerar kansu. Sai mutum ya ga hoto a Pinterest ko Instagram, ya kwaikwayi siffar, ya sassaƙa dagin Arewa a majingina, ya lafta fenti mai ƙyalli. A hoto ta yi kyau. Wanda ya zauna a kai kuwa, kafin ya shanye shayinsa ya fara muskutawa, bayan damina ɗaya kuma ƙafar baya ta soma rawa. Ba zan tsaya kan riƙon zarto ko wasa cizal ba, na ɗauka mai karanta wannan ya wuce nan.

Da farko ka zaɓi abu guda da za ka ɗauko, guda tak. Kuma ka ɗauko yadda abin ke tsayawa, kada ka tsaya a adonsa. A 1925 Marcel Breuer na makarantar Bauhaus a Jamus ya dubi kan kekensa, ya ga bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa, ga ƙarfi ga rashin nauyi, sai ya yi kujera da irin wannan bututun. Bai zana hoton keke a jikinta ba. Hans Wegner na ƙasar Denmak ya nazarci kujerun Sin na zamanin daular Ming, ya ɗauko yadda majingina da hannuwa suke zagayowa a matsayin itace ɗaya, daga nan ya fitar da kujerarsa ta 1949 da ake ƙerawa har yau.

Mu ma muna da abin ɗauka. Akwai bakan gizo na soron Hausa, wanda ke tashi daga bango ya lanƙwaso ya ɗauki rufi. Akwai kujerar Nufawa ta Bida, wadda ake fafe ta daga gungume ɗaya da ƙafafu da yawa a zagaye. Akwai aska takwas ta babbar riga, in kana son layuka masu tsini. Ka ware yini guda ka je gidan tarihi na Onikan ko gidan zane na Nike da ke Lekki da takarda da fensir. Abin da ka zana da hannunka ya fi zama a kai fiye da hotuna ɗari a waya. Ni dai ba na yarda da haɗa biyu a kujera ɗaya. In ka ɗauki bakan gizo, to a bar aska takwas sai wani aikin.

A ce bakan gizo ka zaɓa. Ƙafafun baya biyu su tashi daga ƙasa, su wuce mazauni, su lanƙwaso su haɗu a sama, bakan da suka yi shi ne majingina. Ka ga a nan zanen ne da kansa yake riƙe da bayan mutum. Amma kada ka yanko wannan lanƙwasa daga falanki mai faɗi. Jijiyar itace a miƙe take tafiya, inda yankanka ya gitta ta nan ne zai karye ranar da mai jiki ya jingina da ƙarfi. Sai dai ka tsaga katako siri-siri, ka shafe su da gam, ka matse su a kan wani abin da ka riga ka yanka da siffar bakan, su kwana a matse. In ba ka da kayan matsewa da yawa, ka kai wa mai walda ya lanƙwasa maka bututu, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Sai awo. Kujerar cin abinci tsayin mazauninta daga ƙasa inci 17 zuwa 18 ne, domin tebur yawanci inci 30 ne. Zurfin mazauni, wato daga gaba zuwa baya, inci 16 zuwa 17, faɗi kamar 18. Majingina ta kwanta baya kaɗan, tsakaninta da mazauni digiri 95 zuwa 105. Ta falo ta fi haka gajarta, inci 14 zuwa 16, ta kuma fi kwanciya. In za ka sa soso, ka tuna zai lotsa, awon na bayan an zauna ne.

Yanzu ga matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ya sa na rubuta wannan. Kafin ka taɓa katako mai tsada, ka yi kujerar gwaji mai cikakken girma. Ƙaramin samfuri na kwali da ake ɗorawa a tafin hannu yana da amfani wajen ganin siffa, amma ba zai gaya maka komai game da zama ba. Ka samo tsohon filawud, ka zana gefen kujerar a kai da ainihin awonta, ka yanka biyu, ka haɗa su da guntayen katako da ƙusa. Muninta ba komai ba ne. Majinginar ma kada ka kafe ta, ka bar ta yadda za ka iya matsar da ita.

Sannan ka zauna. Zaman minti biyu a ce "ai ta yi" ba gwaji ba ne. Ka yi rabin awa a kai, ka ci abincinka a kai, ka yi hira. In ka ji kana zamewa gaba, majingina ta kwanta da yawa alhali mazauni a shimfiɗe yake. Ka sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafafun gaba ya ɗaga su kaɗan, ka sake zama, za ka ji jikinka ya koma ciki ya natsu. In ƙasan cinyarka ya fara sagewa, mazauni ya yi tsayi. Ka zura yatsu tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarka, in biyu ko uku ba su shiga ba, zurfi ya yi yawa, mutum ba zai kai bayansa majingina ba sai ya ranƙwafa. Wurin da ya kamata majingina ta tokare shi ne ƙugu, kamar inci 7 zuwa 9 sama da mazauni. Masu koyo sukan kai tokarin kafaɗa, su bar ƙugu a sarari.

Kuma ba kai kaɗai za ka gwada ba. Ka kira dogo, ka kira gajere. Ka roƙi wani dattijo a unguwa, ka ce, "Baba, don Allah zauna nan ka tashi in gani." Ka lura ko sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe, in haka ne ta yi ƙasa da yawa. Ka sa mai babbar riga ya zauna, domin hannun kujera mai tsini yakan kama aljihu ko hannun riga, abin da mai zane a Turai bai taɓa tunaninsa ba. Mace mai ɗaurin zani ma zaman da take yi daban ne, kujera mai zurfi tana ba ta wahalar tashi. A ƙarshe ka jingina da ƙarfinka duka. In ƙafafun gaba suka ɗaga, to ƙafar baya ba ta fita baya sosai ba, ka tura gindinta har ya kai saitin saman majingina. Duk gyaran da ka yi, ka rubuta shi a jikin filawud ɗin nan take. Kuɗin wannan gwaji bai kai na falankin iroko ɗaya ba, shi ya sa nake jin zafi in na ga yaro ya lalata itace mai kyau saboda gudun aikin yini guda.

Batun katako a Legas batun danshi ne. Yawancin abin da za ka tarar a kasuwar Amu ta Mushin bai gama bushewa ba. Ka saya da wuri, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ka yanki guntu ka riƙa auna nauyinsa duk mako, ranar da ya daina raguwa to ya bushe gwargwadon iskar garin. In kujerar ɗaki mai na'urar sanyi za ta shiga, ko za a tafi da ita Kano ta haɗu da hunturu, za ta ƙara motsewa, saboda haka ka ƙara haƙuri. Ƙafafu iroko ko maɗaci. Obeche yana da araha da daɗin yanka, amma ya yi laushi, ƙwaro kuma na son sa, ka bar shi wa kujerar gwaji. In ƙarfe ne kuma Lekki ko Ajah za a kai, iskar teku za ta ci shi da tsatsa, dole a yi masa shafen hana tsatsa kafin fenti.

Mahaɗar da ke kashe kujera ita ce inda katakon gefe ya shiga ƙafar baya. Ƙusa ba ta da aiki a nan. Ka fafe rami a jikin ƙafar, ka fere bakin katakon ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ya shige da ɗan bugun guduma, a sa gam, a matse. A ƙarƙashin mazauni ta ciki ka ƙara ƙananan katako a kusurwa huɗu.

Sauran kuwa sananne ne. Samfefa lamba 80, sai 120, sai 180, kuma ka rufe hanci, ƙurar iroko tana taɓa ƙirji. Banish mai ƙyalli yana ɓoye itace, ni man katako ko banish marar ƙyalli nake shafawa. Mazauni in fata ce ka nemi jemammiya ta Kano ko Sakkwato, launi ɗaya. In saƙa kake so don zafin garin nan, masu saƙar kujeru na Mende a Maryland sun iya. Kafin ka kai wa mai ita, ka ɗora ta a kan tebur mai shafaffen filawud ka ga ko tana ɗingishi, domin daɓen shago ba abin yarda ba ne. In tana yi, ka rage doguwar ƙafar kaɗan-kaɗan har huɗun su zauna.