Ruwan tankin tarwaɗa taki ne, kada ku zubar

Jama'a masu kiwon tarwaɗa a gida, ku daina sakin ruwan tanki a kwata idan za ku canza shi.
Ku tare a bokiti, ku ba alayyahu, yakuwa ko zogalen da ke tsakar gida.

Koren da kuke gani gansakuka ce, ƙananan tsirran ruwa da ke rayuwa da hasken rana.
Kashin kifi da ragowar abincinsa ne ke ciyar da ita, domin suna ɗauke da naitirojin, sinadarin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya.
Da ta shiga ƙasa sai ta ruɓe, saiwa ta sha.
A Kano da muke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, jarka ɗaya ta yi aiki biyu.

Ku zuba a gindi da yamma, rana ta yi sanyi.
Kada ya taɓa ganyen latas ko duk abin da ake ci ɗanye.

Amma fa in kun sa gishiri ko magani saboda kifin ya kamu da ciwo, wannan ruwan a zubar, gishiri yana ƙona shuka.
Haka in ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.
In ya yi kauri sosai, ku sirka da ruwan rijiya kafin ku ba ƙananan shuka.