Yadda Malamin Turanci a Kebbi Zai Nemi Digiri na Biyu Har Ya Kare Kundinsa

Duk lokacin da jami'o'i suka fitar da tallar fom na karatun gaba da digiri, sai ka ji malaman Turanci daga Argungu har Yawuri suna tambayar juna wanne za su cika. Da yawa sukan sayi wanda abokinsu ya saya, sai an yi nisa su gane ba hanyarsu ba ce. Digiri na biyu a Turanci ba iri ɗaya ba ne, kuma zaɓen da ka yi kafin ka biya kuɗin fom shi zai nuna inda takardar za ta yi maka amfani.

Da farko, tantance wane digirin kake nema

Hanyoyi uku ne. Akwai M.A. a fannin harshe, inda za ka zurfafa a kan tsarin sauti, ginin jimla, ilimin ma'ana, nazarin salo da walwalar harshe. Akwai M.A. a fannin adabi, inda aikin shi ne karatu mai yawa: adabin Afirka, na Ingila da Amurka, adabin baka da ra'o'in tarke. Waɗannan biyun a Tsangayar Fasaha suke. Na uku shi ne M.Ed. na koyar da harshe, wanda wasu jami'o'i ke kira TESL, wato koyar da Turanci ga wanda ba harshen uwarsa ba ne. Shi kuma a Tsangayar Ilimi yake, hankalinsa na kan dabarun koyarwa, tsara manhaja da auna fahimtar ɗalibai.

Ka tambayi kanka inda kake son zama nan gaba. In burinka ka koyar a sashen Turanci na jami'a, nemi M.A., domin masu ɗaukar aiki a can sun fi son su ga layi miƙaƙƙe: digirin farko a Turanci, na biyu a Turanci, digirin digirgir ma a Turanci. In kuwa kana son ci gaba a sakandare, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko ka koyar da dabarun koyarwa a wuri irin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, M.Ed. ya fi dacewa da kai. A ganina, malamin da ya daɗe yana fama da 'yan aji uku masu shirin WAEC ya fi samun abin da zai koma da shi aji gobe daga M.Ed., ko da yake mutane sun fi jin daɗin faɗin M.A. a bakinsu.

Digirinka na farko ma yana da ta cewa. Mai B.A. zalla ba zai shiga M.Ed. kai tsaye ba, sai ya yi PGDE, difilomar koyarwa ta shekara ɗaya, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, ke bayarwa. Difilomar ce kuma za ta ba shi damar rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa tantance malamai. Mai B.A.Ed. kuwa, wato digirin da ya haɗa Turanci da koyarwa, ƙofar Tsangayar Ilimi a buɗe take gare shi, amma sassan Turanci sun bambanta: wasu na karɓarsa, wasu sai sun ƙirga yawan darussan Turancin da ya yi. Mai NCE kaɗai sai ya fara yin digiri tukuna.

Na biyu, fito da takardunka ka shimfiɗa su

Kada ka dogara da abin da kake tunawa. Buɗe jakar nan ka duba ɗaya bayan ɗaya.

Sakamakon sakandare: kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Ga mai neman wannan fanni ana duba adabin Turanci, jami'o'i da yawa kuma suna neman Lissafi. Mutane kan yi mamakin a ce mai digiri ya kawo sakamakon sakandare, amma a wurin tantancewa shi ake fara ɗagawa. In akwai giɓi, zauna jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ka cike shi kafin ka nema.

Darajar digiri: mafi ƙaranci shi ne daraja ta biyu mataki na ƙasa. A ma'aunin maki 5, wannan yana farawa daga 2.40 zuwa 3.49, sai mataki na sama daga 3.50 zuwa 4.49. Sai dai wasu jami'o'i na sa sharaɗin 3.00, don haka mai 2.60 ya karanta tallar da kyau. Mai daraja ta uku, ko mai HND, hanyarsa ita ce ya fara yin difilomar gaba da digiri a fannin da ya dace, ya fita da maki mai kyau.

Takardar bautar ƙasa: ko ta kammala NYSC, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, ko wasiƙar keɓewa ga wanda ya yi karatun wucin gadi. Ba ɗaya daga cikinsu, ba rajista.

Sai suna. Wannan ƙaramin abu ne da ke tsayar da manya. Sakamakon sakandare ya ce Muhammad Bello Jega, digiri ya ce Mohammed B. Jega, katin NIN kuma ya juya su. Je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Malamar da ta koma amfani da sunan mijinta bayan aure, ita ma ta tanadi shaidar sauya suna.

Na uku, wace jami'a

Yawancinmu Sakkwato muke nufa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, saboda kusa take, ko ta Argungu ka bi ko ta Jega da Tambuwal. Mutanen Zamfara na raba kansu tsakanin Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta hanyar Funtuwa, wasu kuma Bayero a Kano. Jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, waɗanda aka kafa a 2013, su ma suna da makarantun gaba da digiri, kuma jerin kwasa-kwasansu na fitowa a tallar kowace shekara. Akwai kuma NOUN, jami'ar karatu daga gida, ga wanda aiki ba zai sake shi ba. Duk inda za ka, tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin.

Kusanci ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar darasi za ka iya jure kowace tafiya, amma lokacin kundi za ka riƙa zuwa ganin malami don maganar da ba ta wuce rabin awa ba. Lissafa kuɗin motar tun yanzu.

Na huɗu, sallama daga wurin aiki

Rubuta takardar neman hutun ƙaro ilimi ta hannun shugaban makarantarku zuwa hukumar da ta ɗauke ka, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Wanda ya tafi karatu a ɓoye yana iya gamawa a ƙi sa masa takardar a fayil. Malaman kwaleji, foliteknik da jami'o'in gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta makarantarsu, bisa yarjejeniyar komawa su yi aiki. Wannan tallafin bai shafi malamin sakandare ba, shi sai albashi, adashi da abin da gona ta bayar.

Na biyar, fom da tiranskirif

Fom a intanet ake cikawa, biyan kuɗi galibi ta Remita. Cika da kanka, ko ka zauna kusa da mai shagon kwamfuta kana kallon allo, ka yi amfani da imel da lambar wayarka, ba nasa ba. Za a nemi mutum biyu ko uku da za su tsaya maka, kuma ya fi kyau su kasance malaman da suka koyar da kai a jami'a. Kira su ka gaishe su kafin ka rubuta sunansu.

Tiranskirif, wato cikakken bayanin makin kowane darasi da ka yi, shi ne mai cin lokaci. Ba a ba ka a hannu, jami'arka ta farko ce ke aika shi kai tsaye. Nema tun ranar da ka yanke shawara, ka bi sawu har ka ji ya isa. Wasu sassa kuma suna yin jarrabawar tantancewa: rubutun insha'i, ɗan nahawu, tambayoyi kan abin da aka yi a digirin farko. Kwaso tsofaffin littattafanka ka karkaɗe su.

Na shida, shekarar darasi

Zango biyu ake yi a aji. Makin ci a wannan mataki 50 ne, ba 40 ko 45 da aka saba a baya ba. Darasin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne dabarun bincike, kuma shi ne wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi. Masu M.Ed. su shirya wa ƙididdiga, ba makawa. Koyi tsarin kawo madogara tun yanzu: masu harshe da ilimi galibi APA, masu adabi MLA. In kana da niyyar digirin digirgir, riƙe makinka a 3.50 ko sama, don shi ake yawan nema.

Na bakwai, kundi, inda ake daɗewa

A takarda, karatun cikakken lokaci shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Wanda ka ga ya kai huɗu, da wuya darasi ne ya riƙe shi. Kundi ne.

Fara da take. Ɗalibai kan kawo abu kamar "Matsalolin koyar da Turanci a Nijeriya", wanda ko farfesa ba zai gama shi ba. Matse shi har ya zama abin da za ka iya tattara bayanansa da babur ɗinka. Kebbi cike take da abin nazari. A Zuru akwai yaran da ke tashi da C'lela, harshen Dakarkari, su koyi Hausa a kasuwa, sannan Turanci a aji. A Kamba da sauran ƙasar Dandi akwai masu Zabarmanci, a bakin iyakar Nijar inda Faransanci ke ratsowa. Akwai Kambari a yankin Yawuri, akwai Fulani a ko'ina. Yaron da Turanci ne harshensa na uku, kurakuransa iri ɗaya ne da na Bahaushen Gwandu? Ga tambayar bincike nan.

Ɗauki misali guda mu duba shi kusa. Kowane malami ya san ɗalibinmu na cakuɗa p da f, ya ce fan a wurin pan, ya mai da very ya zama bery, ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe har screw ta koma sukuru. Dalili sananne ne: Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu, ba ta da v, kuma gaɓarta ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Mai M.A. zai zaɓi makarantu biyu, ya rubuta jerin kalmomi, ya naɗi muryar ɗalibai da waya suna karantawa, ya rubuta furucin da alamomin sauti, ya nuna a wane muhalli kuskuren ya fi faruwa: farkon kalma, tsakiya ko ƙarshe. Mai M.Ed. kuwa zai raba ɗaliban gida biyu, ya gwada su, ya koyar da rukuni ɗaya da tagwayen kalmomi irin pin da fin na wasu makonni, ɗayan a bar shi kan yadda aka saba, ya sake gwadawa ya ga ko an sami bambanci. Matsala ɗaya ce, tambayar ce ta bambanta. In ka ji ɗaya daga cikin biyun ta fi ja maka rai, to ka sami amsar mataki na farko.

Mai adabi kuma ba dole sai littafin Turawa ba. Ana karɓar nazarin adabin baka, a rubuta shi da Turanci: waƙoƙin masunta na Argungu, kirarin 'yan kokawa, tatsuniyoyin Dakarkari.

Daga nan za a ba ka malami mai duba aiki, wani wurin biyu. Ka rubuta babi uku na farko a matsayin shimfiɗar bincike, ka kare su a gaban malaman sashe. In an amince, ka fita tattara bayanai, ka rubuta sauran babi biyun, ka gabatar a semina, a yi jarrabawar cikin gida, sannan a aika wa mai jarrabawa daga wata jami'a.

Zamanka da mai duba aikinka shi ne rabin kundin. Kada ka ɓace wata shida sannan ka bayyana kana roƙo, "Ranka ya daɗe, a taimaka, lokaci ya ƙure." Kai masa babi ɗaya a buge, ka tambayi ranar da za ka dawo, ka gyara duk abin da ya ja wa jan biro, ka haɗa tsohon kwafin da sabon in za ka mayar. Malamai sun fi saurin karanta aikin wanda suka ga yana gyara.

Kada ka ba wani ya rubuta maka, kada kuma ka kwafo. Jami'o'i na sa kundi a manhajar gano kwafe irin Turnitin, kuma ko ya tsallake na'ura, ranar karewa za a ce ka buɗe shafi kaza ka bayyana abin da kake nufi. A sashen Turanci abin ya fi tsanani, don ba bincikenka kaɗai ake aunawa ba, har da Turancin da ka rubuta shi da wanda kake amsa tambaya da shi.

Bayan karewa za a ba ka gyare-gyare da wa'adi. Yi su a makon nan tun abin na kanka, ka kai a sa hannu, ka ɗinke adadin kwafin da makarantar ta ce, ka miƙa. Sakamako ba ya fita sai Majalisar Dattawan jami'a ta zauna ta amince. Da ka karɓi takardar shaidar sakamako, kai kwafi wurin aikinka tare da takardar komawa bakin aiki, ka kuma nemi tiranskirif na wannan digirin, domin da shi za ka nemi gurbin digirin digirgir ko muƙamin mataimakin lakcara.