Yadda za ka ɗumama masbah da ruwan wanka da hit-fam ba tare da fatura ta kashe ka ba

Toh 'yan uwa masu gadin istiraha da masu kula da gidajen larabawa a Riyad da Madina, kun dai san halin mai gida, Disamba na kamawa zai fara cewa yara na son iyo amma ruwan masbah, wato wurin iyo, ba ya taɓuwa don sanyi. Hit-fam na maganin wannan, amma fa sai an bi shi yadda ya dace.

Shi wannan inji ba ya haifar da zafi da kansa irin na sakhan, wato hitar ruwa ta wuta, ɗebo zafin yake daga iskar waje ya juye a ruwa, mukayyif ne dai, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka juya aikinsa. Shi ya sa wutar kilowat 1 kan ba ka zafin kilowat 4 ko 5 in dai garin bai yi sanyi can ba. Ka lissafa da kanka: kubik mita 1 na ruwa na cin kusan kilowat 1.16 na awa kafin ya hau digiri 1. Masbah mai kubik 50 in za ka ɗaga shi digiri 10, hita ta wuta za ta sha wajen kilowat 580 na awa, wato riyal 104 a kan halala 18 kowane ɗaya, shi kuwa hit-fam kilowat 120 zuwa 145 na awa sun ishe shi. Kuma kar ka manta in gida ya haura kilowat 6000 na awa a wata, farashin abin da ya haura halala 30 yake komawa.

Wajen saye ka duba takardar jikinsa, wutar Saudiyya 60 Hz ce, kar a liƙa maka na 50 don an ce ya fi araha. Na masbah kuma ya zama bututun cikinsa titaniyam ne saboda kulorin. In da hali a ɗauki mai sanyaya ruwa ma, a watan Yuli za ka gode.

Kafa shi a fili inda iska ke kaɗawa, dan Allah kar a cusa shi ɗakin famfo, zai dinga shaƙar sanyin da ya fitar ne yana ta gurnani ba abin da ke ƙaruwa sai fatura. Ruwa ya fito daga filta ya shige shi sannan ya haɗu da kulorin, ba kafin nan ba. In ka ga ruwa na ɗiga ƙarƙashinsa kar ka tada hankali, raɓa ce. Wayoyi kuwa ka bar wa mai gyaran wuta.

Inda mutane suke asara shi ne murfi. Wallahi masbah a buɗe da daddare tururi zai kwashe da yawa daga zafin da ka tara kafin asuba, ka sa shi a digiri 27 ko 28, ana fita ka ja leda ka rufe. Kuma ba a rana ɗaya yake ɗumama ba, in baƙi Juma'a za su zo kunna tun Laraba.

Hit-fam na wankan gida kuwa tankinsa ya riƙa kaiwa digiri 60 don ƙwayoyin cuta kar su samu wurin zama. Duk bayan guguwar ƙura ka kashe wuta ka wanke siraran ƙarafan bayan hit-fam ɗin da tiyo a hankali, ruwa mai ƙarfi lanƙwasa su yake.