Yadda Ake Rubuta Bahasin Nazarin Adabi, da Yadda Malami Zai Duba Shi

Ɗalibanmu da ke Kulliyar Harshen Larabci ta Jami'ar Musulunci ta Madina, da takwarorinsu maza da mata na Ummul Ƙura a Makka, galibi da guzurinsu suke isowa. Sun sha nahawu da sarfu a zaure, wasu ma sun haddace ƙasidu tun suna gida. Amma da Duktur ya ce a kawo tahlilin wata ƙasida cikin shafi 5 ko 6, sai makin ya zo ƙasa da yadda aka zata. Dalilin kusan ɗaya ne kullum. Ɗalibi ya saba da karatun da malam zai ja baiti, ya fassara kalma bayan kalma, ya ba da ma'ana, a wuce na gaba. Wannan sharhi ne, ilimi ne mai daraja, kuma sai da shi ake shiga nassi. Sai dai bahasin nazari yana neman wani abu a kansa: ka faɗi magana guda game da nassin, irin wadda mai hankali zai iya musa maka, sannan ka tsayar da ita da hujja daga lafazin nassin.

Za mu yi aiki da Mu'allaƙar Zuhairu ɗan Abi Sulma, ɗaya daga cikin shahararrun dogayen ƙasidun Larabawa na kafin Musulunci, tunda da wuya mai karatun adabin Jahiliyya ya tsallake ta. Hanyar ita ce dai ko labari aka ba ka ko wasan kwaikwayo.

Karatu kafin rubutu

In mako biyu aka ba ka, kwana huɗun farko na karatu ne zalla. Ka samu bugu guda mai tahƙiƙi ka tsaya a kansa, domin adadin baitocin wannan ƙasida da jerinsu suna bambanta daga riwaya zuwa riwaya, suna kai-kawo wajen baiti 60. Wanda ya ɗauko baiti daga sharhin Zauzani, wani daga na Tibrizi, wani daga intanet, lambobinsa za su rikice, malami ya kasa bin sawunsa.

Karatun farko a bayyane za ka yi shi, da murya, ba tare da buɗe sharhi ba, don kunnenka ya kama karin Ɗawil da amsa-amon mimi mai kasra. A karo na biyu ka zauna da ƙamus, Lisanul Arab ko Mu'ujamul Wasiɗ, kada ka bar kalma ɗaya da ba ka san ma'anarta a wannan gurbin ba. Sai a karo na uku za ka ɗauki fensir kana yin alama a kan duk abin da ya maimaitu, da duk inda murya ta sauya, da duk abin da ya ba ka mamaki. Bayan haka ne za ka buɗe sharhi. Wanda ya fara da sharhi, da idon mai sharhi zai ga ƙasidar, kuma abin da zai rubuta malaminsa ya riga ya karanta shi sau tari.

Tarihin da ke bayan ƙasidar ka san shi sosai, amma ka rubuta shi a taƙaice: yaƙin Dahis da Gabra tsakanin ƙabilun Absu da Zubyanu, wanda riwayoyi suka ce ya ɗauki shekara arba'in, da sulhun da Harimu ɗan Sinan da Harisu ɗan Aufu suka ƙulla ta hanyar ɗaukar diyyar mamata a kan dukiyarsu. Layi huɗu ko biyar sun isa. Shafi biyu na tarihin mawaƙi da nasabarsa ɓarnar takarda ce, ba a ba da maki a kansu.

Daga lura zuwa da'awa

Nan ne gundarin aikin, don haka bari mu daɗe a kai.

Ka ɗauki baitoci biyar ɗin da Zuhairu ya siffanta yaƙi a cikinsu. Ya ce yaƙi ba wani abu ba ne face abin da kuka sani kuka ɗanɗana. In kuka tayar da shi zai tashi abin ƙi, ya ruru kamar wuta. Zai niƙe ku niƙan dutse da aka shimfiɗa wa fata a ƙarƙashi don tarar gari. Zai ɗauki ciki kamar taguwar da ake barbara a jere ba hutu, ya haifi tagwaye, ya haifa muku 'ya'yan shu'umci irin Ahmaru Ad, ya shayar da su ya yaye. A ƙarshe zai ba ku amfanin da ƙauyukan Iraƙi ba sa bai wa mutanensu na ma'aunin hatsi da dirhami.

Ɗalibi mai sharhi zai tsaya a nan ya ce mawaƙi ya yi amfani da tashbihi (kamantawa) da isti'ara (aron kalma) wajen nuna munin yaƙi. Gaskiya ne, amma ba wanda zai musa, don haka babu abin da za a kafa wa hujja. Mai nazari zai tambayi kansa: me ya sa waɗannan surori, ba wasu ba? Ga takobi ga jini ga gawa, me ya kai shi ga niƙa da haihuwa da shayarwa da girbi? Da ka jera su za ka ga dukkansu abubuwan da Balaraben ƙauye ke kira albarka ne. Zuhairu ya ɗauki harshen yalwa ya juya shi, har yaƙi ya zama dukiyar da ke hayayyafa, amma mutuwa take haifa.

Sai ka koma cikin ƙasidar ka ga ko wannan tunani yana da dangi a wasu wuraren. Yana da su. A baitocin yabon masu sulhu an ce ana shafe raunuka da ɗaruruwan raƙuma, waɗanda mutumin da bai zubar da jini ba yake biya kashi-kashi. Masu sharhi sun ce Ahmaru Ad shi ne wanda ya soke taguwar Annabi Salihu, alaihis salam. Can gaba, a baitocin hikima, an kamanta mutuwa da taguwa mai dundumi da ke taka duk abin da ta samu. To yanzu kana da da'awa: a wannan ƙasida Zuhairu ya sa raƙumi ya zama ma'aunin yaƙi da sulhu gaba ɗaya, raƙuman diyya suna warkarwa, taguwar yaƙi tana haifar halaka, don ya nuna wa ƙabilun biyu, da lissafin da suka fi ganewa, cewa sulhu ya fi riba. Wani zai iya cewa ka wuce gona da iri, raƙumi yana cikin kowace waƙar Jahiliyya. Madalla da wannan musu, domin shi ne alamar cewa ka faɗi wani abu. Ka kawo shi da kanka cikin bahasin ka amsa shi.

Kafin ka ci gaba, ka gwada da'awarka da abu biyu. Ka faɗe ta ga abokin ɗakinka da Hausa cikin jimla ɗaya. In ta gagara, ba ta nuna ba tukuna. Sannan ka duba ko za a iya ɗora ta a kan wata ƙasida daban ba tare da sauya komai ba. In za a iya, ta yi faɗi da yawa.

Zubin bahasin

A bahasi mai shafi 5 zuwa 6, gabatarwa kada ta wuce rabin shafi: hamdala da salati a layi biyu, sunan nassi da mai shi, tarihin nan a taƙaice, sai da'awa ƙarara a ƙarshen sakin layi. Jikin bahasi ya ɗauki hujja uku ko huɗu, kowace da shafinta ko kusa da haka. Ka jera su bisa yadda suke gina juna. Bin baitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe shi ke mayar da mutum cikin sharhi bai sani ba.

Kowane sakin layi ya fara da abin da kake son tabbatarwa, sai baiti ko rabin baiti da cikakken wasali da lambarsa, sai nazarinka. Nazarin ya ninka abin da ka ciro aƙalla sau biyu a tsawo. Kuma ka shiga cikin lafazi. A baitocin yaƙin nan, alal misali, ga sharaɗi guda a farko, sai aikatau masu jazmu suna bin juna, harafin fa, wani lokaci wa ko summa, yana ɗaure kowane da na bayansa. Nahawunka na zaure nan zai yi maka rana, in ka wuce i'irabi ka faɗi abin da ginin yake aikatawa: abin da ke hannun mutane shi ne tayarwa kawai, daga nan komai yana jan na gaba ba tare da an sake shawartarsu ba. Wannan shi ne abin da Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 471 bayan Hijira, ya dage a kai cikin littafinsa Dala'ilul I'ijaz, cewa kyan magana yana cikin yadda aka tsara kalmomi bisa ma'anonin nahawu.

Haka abin yake ga adon magana da aruli, wato ilimin karin waƙa. Ambaton sunan isti'ara da nau'inta rabin aiki ne, sauran rabin shi ne faɗin abin da ta ƙara wa ma'ana. Game da kari, ka yi hattara da maganar da ake yawan kwafa cewa Ɗawil ya dace da baƙin ciki ko da hikima. An yi yabo da zambo da bege duk a kan Ɗawil. In ba ka da abin faɗi na musamman, ka ambaci karin da amsa-amon a layi ɗaya ka wuce.

Kammalawa sakin layi ɗaya ce: abin da hujjojin suka tabbatar, da abin da ya rage a buɗe. Kada sabon baiti ya shigo nan.

Duk maganar da ba taka ba, ka sa ta a baka biyu ka mayar da ita ga mai ita a hashiya, da sunan littafi da bugu da juzu'i da shafi, bisa tsarin da sashenku ya gindaya. In daga manhajar littattafai ta Maktaba Shamila ka samo, ka tabbatar lambar shafin ta dace da bugun da ka ambata. Ka bar kwana biyu na ƙarshe don gyara, kuma ka yi shi sau biyu: na farko don hujja, na biyu don harshe. Kurakuran da suka fi kama mu sanannu ne: hamzar yankewa da ta sadarwa, ta mai ɗauri da ha, lada da za mai sanda, da dacewar jinsi, musamman inda kalma take mace a Hausa amma namiji a Larabci. Ka yi tunani da Hausa yadda kake so, amma idan ka zo rubutu ka gina jimlar da Larabci tun daga tushe.

Ga mai dubawa

Malam, ko kai ne Duktur mai darasin ko ɗalibin digiri na biyu da aka ba shi takardu, adalci yana farawa ne tun ranar ba da aikin. Ka raba wa ɗalibai ma'aunin maki a rubuce tare da tambayar. In bahasin na maki 20 ne, rabon da muke ganin ya dace shi ne 5 ga da'awa, 7 ga hujja da nazarin lafazi, 3 ga tsari, 3 ga harshe, 2 ga hashiya da amanar ilimi. Fiye da rabin makin ke nan yana kan tunani. In aka bar harshe ya rinjaya, mai santsin Larabci da bai ce komai ba zai wuce mai ɗan tuntuɓe da ya ga abin da wasu ba su gani ba, kuma ɗalibai suna saurin gane abin da ake saka wa lada.

Kafin ka sa maki ko ɗaya, ka karanta takardu huɗu ko biyar don idonka ya daidaita, ka rufe sunaye in da hali. Kowace takarda ka karanta ta sau ɗaya ba alƙalami, ka ga ko za ka iya faɗin da'awarta a jimla guda. Tunda a jami'o'in Saudiyya 60 cikin 100 ne makin tsallakewa, 90 kuma mafarin mumtaz, ana iya auna bahasin haka: sharhi sahihi marar da'awa yana tsakanin maƙbul da jayyid, da'awa bayyananna mai hujja, ko da nazarin bai yi zurfi ko'ina ba, jayyid jiddan ce, mumtaz na wanda ya shiga lafazi, ya kawo musun da za a yi masa ya amsa. Fassarar da ta saɓa wa taka ba kuskure ba ce matuƙar nassin ya ɗauke ta. Kuskure shi ne ma'anar da lugga ko siyaƙi suka ƙi.

Jan biro a kowane layi yana kashe gwiwa, kuma ba ya koyarwa. Ka gyara kurakuran harshe a shafin farko kawai, ka ambaci nau'insu, ɗalibi ya nemo sauran da kansa. A ƙarshen takarda ka rubuta abu uku: wuri guda da ya yi kyau da dalilin kyansa, matsala mafi girma, da abin da zai yi a bahasi na gaba. "Nazari ya yi rauni" ba ta nuna wa kowa hanya. "A shafi na 3 ka ambaci isti'arar taguwa, ba ka faɗi me ya sa haihuwa aka zaɓa ba" ita ce ke gyara ɗalibi.

Sai batun kwafe, ko daga littafi, ko daga wani ɗalibi, ko daga manhajojin da ke rubuta wa mutum. Alamominsa su ne salo ya sauya farat ɗaya a tsakiyar shafi, ko yabo mai faɗi da ba ya taɓa lafazi, ko baiti da marji'in da ba a same su ba in an bincika. Manhajar gano kwafe tana yin alama har a kan baitocin da aka ciro bisa ƙa'ida, don haka adadin da ta nuna ba hukunci ba ne. Ka kira ɗalibin ka zauna da shi minti biyar, ka buɗe masa baiti guda daga cikin waɗanda ya kawo, ka ce ya karanta da wasali ya bayyana yadda yake taimakon da'awarsa. In ya amsa, ka ba shi makinsa cikakke. In ya kasa, ka bi ƙa'idar kulliya a rubuce, ka ajiye kwafin takardar da wuraren da ka yi wa alama.