Yadda Ake Yi wa Mangwaro Aure

Sau da yawa mutum zai sha mangwaro mai zaƙi marar zare, ya binne ƙwallon a bayan gida, ya yi ta ban ruwa shekara 6 ko 7, ranar da bishiyar ta fara 'ya'ya sai ya ga ƙanana, ga zare ga tsami. Ba ƙasar ce ta ƙi ba. Ƙwallon mangwaro ɗan barbara ne. Lokacin da bishiya ta yi fure da sanyin hunturu, ƙudaje da ƙudan zuma su ke yawo a kai suna kwasar ƙurar fure daga nan zuwa can, don haka abin da ke cikin ƙwallon ya ɗauko rabin gadonsa daga uwa, rabi daga uban da ba ka san ko wane ne ba. Yana iya fin uwar, amma galibi ba ya kai ta. Mangwaron Haden da ake ji da shi a duniya haka ya samu: ƙwallon wani irin mangwaro mai suna Mulgoba ne aka shuka a Florida ta Amurka a 1902, sai aka yi dace. Tun daga nan kuwa duk Haden na gaskiya reshe ne aka ɗauko, ba ƙwallo ba.

Wannan ita ce hanya ta biyu da tsirrai ke yaɗuwa, wadda babu ruwanta da barbara. Manomin rogo ya san ta, don kara yake dasawa. Haka mai rake, haka mai dankalin Hausa da ke binne yaɗo. Abin da ya fito uwar ce sak. Shi mangwaro reshensa ba ya saurin yin saiwa idan an soka shi a ƙasa, shi ya sa ake ɗora shi a kan gindin wani, wato a yi masa aure. Ribar biyu ce: ka san irin da za ka sha, kuma bishiyar kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4.

Da gindi ake farawa. Nemi ƙwallon mangwaron gargajiya, irin mai zaren nan da ke jure fari ba tare da kowa ya kula da shi ba. Kada ka ajiye shi ya daɗe, ƙwallon mangwaro 'yan makonni kaɗan yake yi ya mutu. Wanke shi, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu, ka yanke gefen ɓawon a hankali ka zaro ƙwayar. Idan ka ga ta yi baƙi ko ƙwaro ya ci, jefar. Shuka a baƙar leda mai huji a ƙasa, da ƙasa mai yashi-yashi haɗe da ruɓaɓɓen taki. Cikin mako 2 zuwa 4 zai tsiro. Wani ƙwallon tsiro uku ko huɗu yake fitarwa, kuma yawancinsu kwafin uwar ne ba 'ya'yan barbara ba. Ka bar mai ƙarfi ɗaya ka cire sauran. Sai reno, har kararsa ta kai kaurin fensir, abin da kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda.

Sai reshen da za a ɗora. A nan ne ake yawan yin asara, don mutane kan tsinko duk reshen da hannu ya kai. Je wurin bishiyar da ka sha 'ya'yanta da bakinka, ko binta siga ce ko Julie ko Kent, mai lafiya wadda ba ta da ƙuraje ko bushewar kai. Duba ƙarshen reshe wanda ganyensa ya riga ya yi kore shar ya ƙosa, ba jajayen ganyen nan masu laushi ba, kuma idon tohon da ke kansa ya kumbura amma bai fashe ba. Masu renon itatuwa suna da wata dabara mai kyau: kwana 7 zuwa 10 kafin aikin, sai su yanke ganyen reshen da almakashi yana kan bishiyarsa, su bar 'yan guntayen hannun ganyen. Ranar da ka taɓa guntayen suka zube da kansu, reshen ya shirya. Yanko shi da sassafe, tsawon santimita 10 zuwa 15, kaurinsa daidai da na gindin, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A ranar za a yi auren, ba a kwana da shi in da hali.

Kayan aiki ba su da yawa: sabuwar reza ko wuƙa mai kaifin aska, leda da aka yanka siri-siri kamar zare mai faɗi, da farar ledar ƙanƙara. Goge wuƙar da sifirit. Wuƙa dakusasshiya tana murje naman itacen ne, kuma murjajjen wuri ba ya kamawa.

Zauna a inuwa. Datse kan gindin a tsawon kamar santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, ka tabbata ka bar ganye ko huɗu a ƙasan yankan, su ne za su ci gaba da ciyar da shi. Tsaga tsakiyar karan zuwa ƙasa, zurfin santimita 3 zuwa 4. Ɗauko reshen, ka fiƙe gindinsa ta gefe biyu ya yi baki kamar na gizago, tsawon fiƙar daidai da zurfin tsagar. Kowane gefe a shara ɗaya, kada ka yi ta sassaƙa, kuma kada yatsa ya taɓa wurin.

Yanzu ga inda aikin duka yake. Idan ka kankare ɓawon ɗanyen reshe da farce, za ka ga wani siririn shimfiɗi mai danshi, kore-kore, tsakanin ɓawo da itace. Nan ne kaɗai sabon nama ke fitowa. Idan na reshe bai haɗu da na gindi ba, ko ka ɗaure da igiyar rijiya ba za su kama juna ba. Don haka da ka zura reshen cikin tsagar, daidaita ɓawo da ɓawo. In reshen ya fi siranta, kada ka sa shi a tsakiya don ya yi kyan gani. Matsar da shi gefe ɗaya ɓawon ya haɗu sosai a can. Naɗe da ledar daga ƙasa zuwa sama, tam, yadda ruwa ba zai shiga ba. Kifa farar ledar a kan reshen ka ɗaure bakinta sako-sako, don ta riƙe masa raɓa.

Lokaci ma yana da nasa. Iskar hunturu tana busar da reshe kafin ya kama, ruwan marka kuma yana ruɓar da shi. A ƙasar Hausa farkon damina ya fi, sa'ad da akwai ɗumi da danshi tare.

Ajiye shi a inuwa, kana zuba ruwa a gindi kawai. Cikin mako 2 zuwa 4 za ka ga toho ya fashe, sai ka cire farar ledar. In reshen ya yi baƙi ya yanƙwane, bai kama ba; bar gindin ya sake toho ka ƙara gwadawa. Ɗaurin kuwa sai bayan wata 2 zuwa 3 ake kwancewa, kafin ya fara shaƙe karan. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar, tsinke shi tun yana ƙarami, domin na gindin ne, kuma in ka bar shi zai rinjayi reshen ka koma wa mai zarenka.

Wajen dasawa a gona, bar tazarar mita 8 zuwa 10 tsakanin bishiyoyi, kada ƙasa ta rufe mahaɗar, ka kewaye da ƙaya saboda awaki, ka riƙa duba gara. Kuma kada ka cika gonar da iri ɗaya tal. Bishiyoyin da aka ciro daga uwa guda rauninsu ɗaya ne, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka, kamar yadda cutar Panama ta yi wa gonakin ayabar Gros Michel a shekarun 1950. Idan ɗan auren ya yi fure a shekarar farko ko ta biyu, daure ka tsinke furen, ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa tukuna.